Babu Ko Ɗaya

Lokacin da abin ya sami ƙanwata Zara'u ina Tasawa, ina karanta cigiyar akuya a rediyo. Aikina ke nan. Ɗan ƙaramin gidan rediyo ne, ɗaki biyu da rumfa, ni ce mai labarun Hausa. A miƙo mini takarda da Faransanci, idona na bisa takarda, bakina na zuba Hausa kai tsaye. Na daɗe ina yi har ya zame mini jiki. Sau da yawa sai na gama karanta abu sannan in san abin da na karanta.

Ban ji labari ba sai da aka kwana biyu. Inna ce ta sa aka kira mata ni da salular maƙwabta. Ni ce ɗiyarta ta fari, ba ta faɗin sunana ko a waya.

"Ke, ki taho gida."

"Lafiya, Inna?"

"Ki dai taho."

Ƙauyenmu na can gaba da Attantane, a ƙasar Mayahi. Na shiga motar kasuwa, na ƙarasa da kabu-kabu. Na tarar da Zara'u a ɗakin Inna maimakon ɗakin aurenta, zaune ta jingina da bango. Kuncinta a kumbure, idonta ɗaya ya tara jini. Ɗanta Muddassir, wanda ba a daɗe da yaye shi ba, yana wasa da murfin kwano a ƙafarta. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da tambayar gajiyar hanya.

Ita da kanta ta faɗa mini, muryarta ba hawa ba sauka. Ta tafi roron wake a gonar mijinta ta nesa, da hantsi, ita kaɗai. Amani ya biyo ta hanyar bisa babur. Kowa ya san Amani, shi ke zagaya ƙauyuka yana sayen wake. Ya tsaya kamar zai yi ciniki. Ta yi kuwa, ba kowa kusa. Ya doke ta har ta faɗi.

"Ya fi ƙarfina, Yaya," ta ce.

Na ce, "Fyaɗe ya yi miki." Na faɗe shi da ƙarfi don a ji. Inna ta juya fuskarta wajen ƙofa.

Na tambayi kayan da ke jikinta ranar. Inna ta ce zanen ta wanke shi tas, ga shi can a igiya. Rigar ta yage, ta cusa ta a murhu. Ita kuma Zara'u tun ranar ake dafa mata ruwa da bagaruwa tana shiga safe da yamma.

Kai, na yi faɗa. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya irin ta ranar ba. Ni da bakina na sha karanta faɗakarwa a rediyo: kada a yi wanka, kada a wanke tufa, a garzaya likita. Ashe iska nake yi wa magana! Inna ta bari na gama, sannan ta ce:

"To mi kike so in yi? In bar ɗiyata ta kwan da ƙazantar wani ƙato a jikinta?"

Da ni ce na tarar da ita a haka tana rawar jiki, ban san ko murhun zan fara nufa ba ni ma.

Mijinta Sidi yana Aljeriya wajen cin rani. Kafin ma in iso labari ya riga ya kai masa, kuma ba irin wanda ya faru ba. Dangin Amani sun baza cewa ita ta kira shi, sun daɗe tare, rigima ce ta haɗa su ranar. Matar da mijinta ya yi nisa, mutane ba sa buƙatar a roƙe su kafin su yarda. Na kira Sidi a gaban Zara'u. Waya na yankewa, muna sake kira.

"Yaya Rashida, ni ban zarge ta ba," ya ce. "Wallahi ban zarge ta ba. Amma kin san gidanmu. Yaya Maiwada ya ce ba ta komawa ɗakinta."

Maiwada wansa ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar ubansu. Abin da ya ce shi ake yi.

"Kai fa, me ka ce?"

Can ya ce, "In hukuma ta ce dole aka yi mata, magana ta ƙare. Ba mai sake buɗe baki, ko Yaya Maiwada. Ina so in samu abin da zan riƙe ne kawai."

Zara'u ta ji. Shi ya sa da maigari ya aiko a zo a sasanta, a yafi juna, a rufa asiri, ta ce ba ta zuwa. Yarinyar da ko gardamar gishiri ba ta iya yi! Ta ce ita ba ɗaurin Amani ya dame ta ba. Tana so ne a tsaya a gaban mutane a ce dole ya yi mata, don ta koma ɗakinta da ɗanta. In auren ya mutu Muddassir ba zai biyo ta ba, ita ma ta san haka.

Muka tafi wurin jandarma. Suka ba mu takarda zuwa likita. Likitar mace ce, ta duba ta a hankali, ta rubuta kumburin fuska, ta rubuta idon, ta rubuta ƙujewar gwiwa da baya. Sauran kuwa ta girgiza kai. Matar aure ce, ta haihu, an kwana biyu, ga ruwan zafi da bagaruwa. Ta ce ba ta ce ba a yi ba, amma ba ta ga abin da za ta sa wa hannu ba. Aka kamo Amani. Shegen wayo gare shi. Bai musa duka ba. Ya ce e, ya mare ta, a kan kuɗin wake ta zage shi, zuciya ta ɗebe shi, yana neman afuwa. Sauran kuwa ƙazafi ne.

Bayan wani lokaci aka kira mu buro, wato ofishin lauyan gwamnati, wanda ke shigar da ƙara a kotu. Ba zan ce mugu ne ba. Mutum ne gajiyayye, takardu sun kai masa wuya, fankar ɗakin ba ta juyawa. Ɗan kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ce tafinta. Ya yi bayani ni kuma ina juya wa Zara'u.

Ya ce hanya biyu ce. Fyaɗe babban laifi ne, ƙaramar kotu ba ta da ikon yanke shi, sai a tura babbar kotu. Can kuwa layi ne, ana iya shekara da shekaru. Kafin nan mai yiwuwa a ba Amani beli ya koma yana yawo da babur ɗinsa a ƙofar gidanmu. Kuma in an zo shari'ar, babu shaida, babu riga, takardar likita ba ta ce komai a kan wancan ba. Maganarta ce da tasa. In aka sallame shi, to an wanke shi ke nan har abada.

Hanya ta biyu, a sauya wa laifin suna. A ce duka da rauni. Wannan akwai takardar likita, shi ma ya amsa da bakinsa. A nan za a yi, cikin 'yan makonni, kuma zai shiga kaso, babu shakka. Ya ce haka ake yi sau da yawa, don kada mai laifi ya sha gaba ɗaya.

Zara'u ta saurara hannuwanta a cinya. Ta ce, "Tambaye shi, za a faɗa gaban mutane cewa dole ya yi mini?"

Na tambaye shi. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce za a faɗa cewa ya doke ta.

"Za a ce ya doke ki," na ce.

"Shi ke nan?"

"Za a ɗaure shi, Zara'u. Ɗauri fa. Wa ake ɗaurewa in ba mai laifi ba? Kowa zai gane. Wancan kuwa kina zaune gidan Inna shekara nawa kina jira, a ƙarshe ya fito yana dariya? Hukuma ta san abin da ya yi, suna kawai za a sauya."

Na yarda da abin da na faɗa. Har yau in aka sake ajiye mini hanyoyin nan biyu ban san wadda zan nuna ba.

Ta dubi lauyan, ta dube ni. "Yadda kika ce, Yaya."

An yi shari'ar kafin a gama sussukar gero. Ba ta daɗe ba, tsakanin wata ta satar rago da wata ta iyakar gona. Aka yanke wa Amani watanni a gidan kaso. Muka fito rana tsaka, Zara'u ta ce tana jin ƙishi, na saya mata ruwan leda. Ba ta yi murna ba, ba ta yi kuka ba. Ni ma ban ji komai ba, sai ciwon ƙafa.

Ashe ƙauye nasu lissafin daban. Maiwada ya ce, "Duka? To ai mu ma abin da muka ce ke nan. Namiji shina dukan matar wani a gona haka kawai, in ba wani abu tsakaninsu?" Ka ji fa! Hukuncin da muka sha wahala a kansa, shi suka ɗauka suka ƙara ɗaure maganarsu da shi.

Amma Sidi ya yi abin da ban zata ba. Ya dawo daga Aljeriya, ya biyo ta wurina a Tasawa kafin ya isa gida, da jakarsa a kafaɗa. Ya rame, ya yi baƙi. Ya zauna a rumfar rediyo ya ce in faɗa masa tsakani da Allah. Na faɗa masa yadda aka yi a buron nan, tiryan-tiryan. Na ce hukuma ta sani, suna kawai aka sauya don a samu a ɗaure shi.

"Hukuma ta sani," ya maimaita.

"Ta sani."

Da wannan ya tafi. Ya je gidan Inna ya ɗauko matarsa ya maida ta ɗakinta, Maiwada na huci. Duk wanda ya taɓo maganar a majalisa ko a bakin masallaci, amsar Sidi ɗaya ce: Yaya Rashida ta ce hukuma ta sani, kuma ita ta yi lakkol, 'yar boko ce, a gabanta aka yi komai, ita ke faɗin labarun gwamnati a rediyo. Da wannan yake kare kansa. Ba wani abin kirki ba ne, amma ya riƙe gidan. Zara'u ta ce mini ba ya yi mata hira kamar da, yana dai cin tuwonta, yana ɗaukar Muddassir. Na ce ta yi haƙuri, a hankali. Aka yi damina, aka yi shuka, na fara cewa a raina ƙila mun tsira.

Ranar da na karanta alƙaluman, ranar aiki ce kamar kowace. Labarun bayan la'asar. Na gama na rigakafin dabbobi, ina cikin na gyaran hanya, sai Shef Ishaƙu, shugaban gidan rediyon, ya turo ƙofa a hankali ya zura mini takarda ƙarƙashin hannu. Ya nuna ta da yatsa, ya nuna makirfo: yanzu. An yi wani taro a gari na ma'aikatan shari'a, an ba da lissafin shari'o'in shekarar da ta wuce na yankinmu, ɗan rahotonmu ya kawo da gudu. Ban taɓa ganin takardar ba sai lokacin. Haka muke aiki kullum.

Na fara. Kowane laifi da layinsa, waɗanda aka gurfanar, waɗanda aka hukunta. Satar dabbobi, kaza da kaza. Zamba cikin aminci. Safarar ƙwaya. Duka da rauni. Idona na gaba, bakina na biye.

"Fyaɗe. Waɗanda aka gurfanar, babu ko ɗaya. Waɗanda aka hukunta, babu ko ɗaya."

A ƙasa akwai wani ɗan sharhi, shi ma na juya shi: mahalarta taron sun nuna gamsuwa, sun ce alama ce faɗakarwa na shiga kunnen jama'a. Na wuce zuwa farashin gero da wake a kasuwanni. Ina tsakiyar farashin wake ne maganar ta iso kaina. Ban tsaya ba. Na gama, na yi sallama da masu saurare, mai inji ya sa kiɗa.

Na zauna da abin sauraro a kunne, kiɗa na tafiya. Ina jira in ji wani abu, tsoro ko kuka ko fushi. Shiru.

Na sami Shef a rumfa yana shan shayi. Na ce masa akwai gyara a labarun nan, ina so in koma in yi bayani.

"Kin yi kuskuren fassara?"

"A'a."

"Lambar ce ba daidai ba?"

Na sake duba takardar. Babu ƙarya a cikinta ko ta ƙwayar gero. Ba a gurfanar da kowa da wannan sunan ba, ba a hukunta kowa ba. Ni ce ma shaida.

"Daidai take," na ce.

"To me za ki gyara? C'est officiel, Rashida, daga hukuma ta fito. Mu karantawa muke." Ya miƙo mini kofin shayi. Na karɓa na sha.

Me zan koma in ce? In buɗe makirfo in faɗa wa ƙasar Tasawa da Mayahi kaf cewa akwai ɗaya, ƙanwata ce, ga sunan ƙauyen? Na yi ta gaya wa kaina ƙila ba a kama mu ba ranar, ƙila iska ta ɗauke tashar, ƙila suna gona. Ƙarya nake wa kaina. Na san bayan la'asar maza na zama gindin itacen bedi a ƙofar gidan Maiwada, rediyo rataye a reshe. Tashata suke kamawa, don 'yar garinsu ce ke magana. Na ɗauki salula in kira Sidi, na ajiye. Na sake ɗauka, na ajiye. Su ma ba wanda ya kira ni. Na ci gaba da zuwa aiki, ina karanta abin da aka miƙo mini.

Ranar kasuwar Tasawa na dawo gida da azahar na tarar da ita zaune a dakalin ƙofata. Buhu ɗaya a gefenta an ɗaure bakinsa da tsumma, da kwanon sha a bisa. Bayanta ba goyo.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Zara'u. Ke da wa?"

"Ni ɗaya."

"Ina Muddassir?"

"Yana wurin kakarsa. Sun ce ya isa zama."

Na buɗe ƙofa muka shiga. Na kawo mata ruwa ta sha, ta ajiye kwanon a hankali. Ban tambaye ta ba, ita ta fara, da irin muryar nan tata da ba hawa ba sauka. Ta ce tana cikin gida tana tankaɗe ta jiyo ni ta bisa danga. Da na zo kan layin fyaɗe, Maiwada ya miƙe ya ƙara wa rediyon murya, amma na riga na wuce. Ya ce ba komai, kowa ya ji. Ya juya wurin Sidi a gaban mutane ya ce, to ga yayarta nan da bakinta, wadda kake cewa ta ce hukuma ta sani. Babu ko ɗaya. Sau biyu ma ta faɗa.

"Shi me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya tashi ya shigo, ya zauna bakin gado. Ya kwana biyu ba ya fita majalisa. Sannan ya ce in tafi gida, ya gaji." Ta gyara ɗankwalinta. "Bai zage ni ba. Har bakin mota ya rako ni da buhun. Na ce ba ni zuwa wurin Inna, ba ni iya zama garin."

Na buɗe baki in yi mata bayani. Yadda takardar ta zo, yadda ake lissafin, cewa su sunan da aka rubuta a kotu suke ƙirgawa. Na fara, ta ɗaga hannu kaɗan.

"Na gane, Yaya. Ba ke kika rubuta ba."

A waje masu amalanke na dawowa daga kasuwa suna yi wa jakai tsawa. Na so a ce ta zage ni, ko ta fasa kwanon nan, ko ta yi kuka in samu in taya ta. Tana zaune kawai tana kallon tabarma.

Can ta ce, "Amma an ƙirga ni?"

"An ƙirga ki."

"A wane?"

"A duka da rauni."

"Mu nawa ne?"

Lambar na nan a kaina, ban san ma na riƙe ta ba. "Sittin da huɗu."

Ta jinjina kai a hankali. "Ashe muna da yawa."

Sannan ta miƙe ta ɗauki buhunta, ta tambaye ni inda za ta ajiye.